Yadda Marubutan Kano Suka Yi Gayya

Ɗan'uwa mai karatu, kai da ka koyi baƙi da girmanka a Filinge ko a wani ƙauye na ƙasar Kurfai, ga labarin waɗansu mutane irinka. Ka san gayya: yau a taru a gonar wane, gobe a gonar wane. To, an taɓa yin gayyar rubuta littattafai a birnin Kano, cikin Najeriya.

A da, mai son a buga littafinsa na Hausa sai ya aika da shi Zariya, wurin babban kamfanin ɗab'i, ya zauna jira. Da aka shiga shekarun 1980 sai kuɗin Najeriya ya faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta. Mai ƙagaggen labari ya rasa inda zai kai nasa.

Sai samari da mata suka fara tara ɗan kuɗinsu, suna kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u na cikin gari. Amma mutum ɗaya wahala yake sha. Wa zai gyara masa kuskure? Wa zai nuna masa maɗaba'ar da ba za ta cuce shi ba? Shi ya sa wajen ƙarshen shekarun nan waɗansu suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Raina Kama. Ka san karin maganar: raina kama ka ga gayya. Cikin shugabanninta akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba.

Dubi dabararsu. In ka buɗe littafin ɗayansu, sai ka tarar da sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya a jere, wani lokaci har da hotonsu gaba ɗaya. Ka sayi na mutum guda, ya yi wa 'yan'uwansa talla kyauta. Gani na, wannan ya fi kowace dabara tasu amfani, don talaka ba shi da kuɗin shela a rediyo.

Shi Ado Ahmad bai shiga lakwal yana yaro ba. Makarantar allo ya yi, sai da ya girma ya shiga ajin manya na yamma. Littafinsa In Da So Da Ƙauna ya fito a farkon shekarun 1990, ya bazu ko'ina, har aka mai da shi fim. Balaraba Ramat Yakubu kuwa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Daga baya ta koma karatu. Ta buga Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, kuma a 2012 aka fitar da shi da Ingilishi a ƙasar Indiya.

Ba kowa ya yaba ba. Waɗansu masana sun ce wannan adabin kasuwa ne kawai, waɗansu iyaye suka ce labaran soyayya na ɓata 'yan mata. An yi ta muhawara a jaridu. Littattafan dai ba su tsaya ba, 'yan kasuwa suka haye da su iyaka zuwa Maradi da Damagaram.

Yau marubuta da yawa a wayar hannu suke haɗuwa, a WhatsApp da Facebook. Mutum ya rubuta shafi biyu da dare, kafin asuba wani daga Yamai ko Katsina ya karanta, ya ce masa ga inda ya yi daidai, ga inda zai gyara.