Wariyar Launin Fata da Fuska Biyu a Alabama ta Zamanin Harper Lee

An haramta bauta a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasa, amma ba a jima ba jihohin Kudu suka ɗinka wa tsohon tsari sabuwar riga. Dokokin da ake kira Jim Crow suka raba baƙar fata da Turawa a makaranta da jirgin ƙasa da asibiti, har da maƙabarta. A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wannan rabuwa a shari'ar Plessy da Ferguson, bisa hujjar cewa kowa da nasa wuri, kuma wuraren daidai suke. Jihar Alabama ta ɗora da kundin tsarin mulkinta na 1901, wanda ya gindaya harajin jefa ƙuri'a da jarrabawar karatu, har mafi yawan baƙaƙe suka rasa damar zaɓe. Haka kuma aka tsame su daga cikin mutum goma sha biyun nan da ake zaɓowa daga jama'ar gari su tantance mai laifi a kotu.

A cikin wannan yanayi aka haifi Harper Lee a garin Monroeville a 1926, mahaifinta lauya ne. Tana yarinya ƙarama aka kama samari baƙaƙe tara a 1931, aka gurfanar da su a Scottsboro bisa zargin yi wa Turawa mata biyu fyaɗe a jirgin ƙasa. Cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas hukuncin kisa. Daga baya ɗaya daga cikin matan ta janye maganarta, kuma sau biyu, a 1932 da 1935, Kotun Ƙoli ta soke hukunci a kan lamarin.

Ƙagaggen labarin Harper Lee, To Kill a Mockingbird, ya fito a 1960, ya ci kyautar Pulitzer a 1961. An gina shi a wani ƙirƙirarren gari mai suna Maycomb a shekarun karayar tattalin arziki. Lauya Atticus Finch ya tsaya wa Tom Robinson, baƙar fata da aka yi wa ƙazafin yi wa wata yarinya Baturiya fyaɗe. Hujja ta fito fili: mai amfani da hannun hagu ne ya doki yarinyar, shi kuwa Tom injin gurzar auduga ya nakasa masa hagunsa tun yana yaro. Duk da haka aka ce ya yi laifi. Abin da ya fi tunzura masu sauraro shi ne faɗin da ya yi cewa tausayin yarinyar yake ji, domin a ganinsu baƙi bai isa ya tausaya wa Baturiya ba.

Ƙarfin littafin ya fi bayyana a inda ya taɓo mutanen kirki na gari, masu zuwa coci, waɗanda ba sa ɗaukar bindiga. Akwai zaman shan shayi na matan ƙungiyar mishan, inda wata dattijuwa ke cika ido da hawaye saboda wata ƙabila mai nisa a Afirka da ba ta taɓa gani ba, sannan ta juya tana ƙorafin cewa mai dafa mata abinci ta ɗaure fuska tun da aka yanke hukunci. A gidan Atticus take zaune, abincinsa take ci, tana kuma yi masa habaici. Ana cikin wannan zama labari ya iso cewa an harbe Tom a gidan yari. Akwai kuma malamar makaranta da ke la'antar Hitler saboda zaluntar Yahudawa, alhali ɗalibarta Scout ta ji ta a ƙofar kotu tana murnar an koya wa baƙaƙen gari hankali. Laifi tudu ne, sun taka nasu sun hango na wani. Da gangan marubuciyar ta sa labarin a bakin wannan yarinya, Scout, don ita ba a gama koya mata kau da kai ba tukuna.

Littafin bai tsira daga suka ba, kuma sukar na da tushe: baƙaƙen da ke ciki ba su cika magana da bakinsu ba, jarumtar duk ta lauyan Bature ce. Go Set a Watchman, wani littafin nata da aka buga a 2015, ya nuna Atticus a tsufansa yana halartar taron masu kare wariya.

Dokokin 'yancin jama'a na 1964 da 1965 sun rushe Jim Crow a hukumance. Sai dai a Monroeville ɗin kanta, garin da ke tunƙaho da To Kill a Mockingbird, an kama wani baƙar fata, Walter McMillian, bisa zargin kisan da aka yi wa wata budurwa Baturiya a 1986. Shari'ar kwana ɗaya da rabi aka yi masa a 1988 a kan shaidar zur, aka yanke masa kisa. Lauya Bryan Stevenson ne ya bi kadinsa har aka sake shi a 1993.