Gani Bai Kori Ji Ba: Labarin Zanen Mutanen Dā

Hausawa sukan ce gani ya kori ji. Amma tarihin zane-zanen da mutanen dā suka bari ya nuna akwai wurin da ido shi kaɗai ba ya isa.

A Birnin Kudu, wadda dā take cikin lardin Kano, yanzu kuwa cikin Jihar Jigawa tun 1991, akwai duwatsu kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude. A ƙarƙashin inuwarsu an zana shanu da jan launi da fari da baƙi. Bernard Fagg, Baturen da ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, ya bincika su a 1955. Ya kuma rubuta labarin waɗansu duwatsu na wurin masu ƙara kamar kuge idan an buga su.

Duk wanda ya tsaya a gaban shanun nan sai zuciyarsa ta soma ƙulla labari. Wani ya ce garke ne za shi mashaya. Wani ya ce dukiyar aure ce, wani kuwa ya ga ganimar yaƙi. Abin da dutsen kansa ya shaida kaɗan ne, amma yana da nauyi: shanun ba su da tozo. Waɗansu dogon ƙaho gare su, waɗansu gajere kamar na muturu. Ashe kafin shanu masu tozo su cika ƙasar Hausa, wani iri ne ake kiwo a can. Sunan mai zanen da abin da ya nufa sun tafi tare da shi.

Ko masana ma tunaninsu yakan ruɗe su. A 1918 wani Bajamushe, Reinhard Maack, ya ga wani zane a dutsen Brandberg na ƙasar Namibiya: mutum yana tafiya da baka a hannu, ƙafafunsa farare. Henri Breuil, firist na Faransa wanda ya shahara da sanin zanen kogo, ya ce farar mace ce, mai asali daga wajen Bahar Rum, har ya buga littafi a kanta a 1955. Daga baya aka duba da kyau, aka tarar namiji ne, aikin mutanen ƙasar kuma, farin kuwa shafe ne na bikin gargajiya. Duk da haka sunan "Farar Mace" ya manne masa. Baƙi kuma suka riƙa watsa masa ruwa domin ya fito sosai a hoto, har launinsa ya dushe.

A ƙasar Benin abin ya sha bamban. Ɗan Malanbil wanda ya bi babbar hanya zuwa Kwatano yakan ratsa Bohicon, kusa da Abomey, birnin sarakunan Dahomey. A bangon fadojinsu an ƙera siffofi da laka, aka shafa musu launi: ɓauna don Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, zaki kuma don ɗansa Glele. Akwai siffar tulu mai huji da yawa, hannuwa suna ɗauke da shi. Baƙo zai ce tulu ne da ya lalace. Mutanen Abomey kuwa sun san koyarwar Gezo ce: idan kowane ɗan ƙasa ya sa yatsa ya toshe huji ɗaya, tulun zai riƙe ruwa. Sun sani ne domin maroƙan fada sun haddace tarihin, suna miƙa shi daga uba zuwa ɗa. Ko da Sarki Behanzin ya sa wa fadojin wuta a 1892 sa'ad da sojojin Faransa suka matso, labarin bai ƙone ba. A 1985 hukumar UNESCO ta sa fadojin cikin kayan gādo na duniya.

Ikkilisiya ma ta daɗe da sanin wannan. Wajen shekara ta 600 Serenus, bishop na Marseille, ya farfasa hotunan majami'a don tsoron kada a yi musu sujada. Paparoma Gregori ya rubuta masa, ya yaba da kishinsa, amma ya ce bai kamata a fasa su ba, gama wanda bai iya karatu ba yana koyo daga bango abin da mai karatu yake samu a littafi.

Sai dai bango ba ya magana. Yaron da ya ga hoton tsoho yana rungume da saurayi mai tsummoki zai iya cewa attajiri ne yake ba almajiri sadaka, in ba a buɗe masa Luka sura 15 ba, inda uba ya karɓi ɓataccen ɗansa. Shanun Birnin Kudu sun rasa mai ba da labarinsu, tulun Abomey bai rasa ba. Hotunan da ke rataye a majami'u da makarantu suna jiran iyaye da malamai su zauna da yara a gabansu, su tambaye su abin da suka gani, sa'an nan su faɗa musu abin da aka rubuta.