Dorugu: Zakaran da Allah Ya Nufa da Cara

A shekarata ta uku a jami'a na fara jin sunan Dorugu. Malaminmu na tarihin rubutun boko ya ambace shi a taƙaice, ya ce wani yaro ne da ya taimaki Bature Schön, sannan ya wuce zuwa wani batun. Ni kuwa sunan ya tsaya mini a rai, domin kakata ta wajen uwa a rinji aka haifi mahaifinta, kuma na tashi ina jin yadda ake rage murya in za a ambaci wannan asali, musamman idan maganar aure ta taso. Sai na ƙudurta bin sawun wannan yaro, in ga me ya kai sunan bawa cikin littattafan ilimi.

An haifi Dorugu wajajen shekarar 1840 a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Bai gaji sarauta ba, bai gaji malanta ba. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu mahara suka kama shi, aka yi ta cinikinsa daga wannan hannu zuwa wancan har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno na wancan zamani. A can ne wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, kamar yadda ya 'yanta wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi cikin 1852, sai su biyun suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim.

Tare da Barth, Dorugu ya ratsa Zinder da Katsina da Sakkwato da Gwandu, ya haye Kwara, ya isa Timbuktu a 1853. Bayan sun komo Kukawa suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan a watan Satumba na 1855. Yaron da aka raba da garinsu da igiya a wuya, kafin ya cika shekara ashirin ya ga abin da sarakunan zamaninsa da attajiransu ba su gani ba.

A Ingila ya haɗu da James Frederick Schön, wani ɗan mishan da ya daɗe yana ƙoƙarin nazarin Hausa. Schön ya shiga ayarin binciken Kogin Kwara na 1841, ya kuma wallafa ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Abin da ya rasa shi ne mai harshe, wanda ya sha Hausa a nono. Sai ga Dorugu a cikin gidansa. Shekara da shekaru yaron yana magana, dattijon yana rubutawa: labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, tatsuniyoyi, da yadda ya ga al'adun Turawa da idon baƙo. Daga wannan zama aka sami ginshiƙin nahawun Hausa da Schön ya fitar a 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885.

A nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Ƙasar Hausa ta wancan ƙarni cike take da masana. Daular Usmaniyya ta haifi marubuta irin su Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u, waɗanda suka bar taskar ilimi da Larabci da Fulatanci da Hausar ajami. Sai dai galibin abin da aka rubuta da Hausa a lokacin waƙa ce ta wa'azi da koyarwa. Zancen yau da kullum, yadda talaka ke ba da labari a bakin kasuwa ko a zaure, ba shi ne malamai suka mayar da hankali ga adanawa ba. Wanda Allah Ya ɗora wa wannan aiki shi ne yaron da aka yi wa kuɗi kamar dabba. Ta bakinsa ne a yau mai nazari ke iya jin amon Hausar Damagaram ta shekaru fiye da ɗari da sittin da suka wuce.

Wannan ba sabon al'amari ba ne ga wanda ya san tarihin annabawa. Annabi Yusuf (AS) an jefa shi rijiya, an sayar da shi da 'yan dirhamai, shi ne kuma ya riƙe taskokin Masar a shekarun fari. Bilal, bawa Bahabashe da aka azabtar a ranar Makka, shi ya zama ladanin farko a Musulunci. Mutane suna duba asali da dukiya, Ubangiji kuwa Yana sanya amanarsa inda Ya so.

Amma kada a ɗauka wannan ya wanke maharan da suka kama Dorugu. Zalunci sunansa zalunci, ko da alheri ya ɓullo ta bayansa. Shi ma Schön da nasa nufin, na yaɗa addininsa, kuma sunansa ne a bangon littattafan, ba na Dorugu ba. Kowa ya yi abin da ya ƙulla, sakamakon kuwa ya zarce ƙullin kowa.

Dorugu ya komo Afirka a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuwa rasu a 1912. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa da Ingilishi, suka dawo da sunansa gaba.

Yanzu da na riƙe takardar digiri a fannin Hausa, na san ina cin gajiyar wahalar wani bawa. Na daina rage murya in ana maganar rinjin kakanmu. Idan na ji ana tambayar wani yaro, "Kai ɗan wane ne?" don a raina shi, sai in tuna Dorugu, in tuna kuma cewa zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho, sai ya yi.