Yankin Jumla na Ingilishi da Masu Fassarar Kaduna: Waiwaye a Tarihi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu bi sawun wata matsala guda ta nahawun Ingilishi, watau yankin jumla, mu ga yadda aka yi fama da ita a Kaduna tun daga zamanin Turawa har zuwa bayan samun mulkin kai. Abin da muke nufi da yankin jumla shi ne rukunin kalmomi waɗanda suke haɗuwa su yi aiki guda a cikin jumla, tamkar kalma ɗaya, amma ba su isa su tsaya da ƙafarsu su ba da cikakken zance ba. Ra'ayinmu kuwa shi ne, mafi yawan ma'anar Turancin mulki a cikin irin waɗannan yankuna take, kuma tafintoci da masu fassara sun gane haka a bakin aiki tun kafin maganar ta shiga aji.

2.0 Kaduna da Turancin Mulki

A shekarar 1917 Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, suka kafa ofisoshi da barikin soja a arewacin kogi. A 1938 aka mayar da Kwalejin Katsina nan Kaduna, inda ta zauna har 1949 da aka kai ta Zariya. Nahawun da ya yi tashe a makarantun ƙasashen da Ingila ta mallaka a wancan zamani shi ne irin na littafin Nesfield na 1898, wanda ya kasa kalmomi gida takwas, ya kuma ɗora wa ɗalibi aikin tsinke jumla kalma-kalma yana faɗin gidan kowacce. Wannan hanya takan fitar da ɗalibi mai sanin sunan kowace kalma, amma ba ta cika nuna masa inda kalmomi suka ƙulle suka zama abu ɗaya ba.

Bukatar ta fito fili ne da aka kafa Majalisar Dokoki da Majalisar Sarakuna ta Arewa a 1947. A zauren Lugard Hall ana muhawara da Ingilishi da Hausa, domin da yawa daga cikin sarakuna da wakilai Hausa suka fi sakewa da ita. Tafinta da ke tsaye tsakanin Sakataren Kuɗi da wakilin wani lardi ba shi da lokacin tsinke kalmomi. Dole ya kama yanki ɗungurungum, ya juya shi nan take, in ya kuskure kuwa wakili ya goyi bayan abin da bai fahimta ba.

3.0 Yankuna Uku da Wahalarsu

3.1 Yankin Suna

Kowane yankin suna yana da kai, watau sunan da sauran kalmomi suke yi wa bayani. A Ingilishi sau da yawa kan yakan zo ne a ƙarshe, bayan an jero sifofi da wasu sunaye a gabansa. Dubi "Public Accounts Committee". Kalmar da ake magana a kanta ita ce ta uku. Bahaushe kuwa da ita zai fara, ya ce "Kwamitin Binciken Kuɗin Gwamnati", yana ɗaure kalmomin da -n ko -r ta nasaba. Ke nan tilas tafinta ya jira Bature ya dire yankin kafin ya buɗe baki, sa'an nan ya warware shi daga baya zuwa gaba. Haka nan a lura an shigo da kalmar "bincike", wadda babu ita a Turancin, domin Ingilishi yakan jera sunaye ya bar mai sauraro ya cika alaƙar da ke tsakaninsu, Hausa kuwa ta fi son a bayyana ta.

Wannan jeri yakan haifar da harshen damo. Alal misali "new teachers' college" tana iya zama "sabuwar kwalejin malamai", tana kuma iya zama "kwalejin sababbin malamai". Kalmomin ba su canja ba, abin da ya bambanta shi ne wace kalma sifar ta manne wa. Marubucin Turanci yana iya barin maganar a dunƙule, amma jinsi da adadi na Hausa ba za su bar mai fassara ya yi haka ba, sai ya zaɓi ɗaya. A cikin kasafin kuɗi kuwa zaɓin nan shi ne bambanci tsakanin gina sabuwar makaranta da gyara tsohuwa.

Ya kamata mu tuna cewa malamanmu na zaure ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Duk wanda ya karanta Ajurumiyya ko Alfiyyar Ibn Malik ya san idafa, ya san jarri da majaruri, ya kuma san cewa kalmomi biyu suna iya cike gurbi ɗaya. Tsarin Larabci na sa kai a gaba ya dace da na Hausa. Ingilishi ne ya zo da juyin.

3.2 Yankin Aikatau

A nan wahala iri biyu ce. Ta farko ita ce aikatau mai ɗauke da ƙaramar kalma a bayansa, wanda ma'anarsa ba ta fitowa daga haɗa ma'anonin sassansa. "Call off" soke abu ne, "call for" neman abu ne, "call on" kuwa yin kira ga wani ne ko kai masa ziyara. Wanda ya riƙe cewa "call" kira ne kawai, zai ɓata biyu daga cikin ukun. Mafi hatsari ita ce "set aside". A bakin Ministan Kuɗi ma'anarta a ware kuɗi domin wani aiki, a bakin alƙalin ɗaukaka ƙara kuwa ma'anarta a rushe hukuncin ƙaramar kotu. Haka "lay on the table" a al'adar majalisun Ingila, wadda ba ta da wata alaƙa da kayan katako, nufinta a gabatar wa Majalisa takarda a hukumance.

Ta biyu ita ce jerin mataimakan aikatau, irin "shall be deemed to have been". Kalmomi shida ne suke ɗauke da tilasci da lokaci da ɓoye mai aikatawa gaba ɗaya. Hausa ba ta jera su haka. Takan yi amfani da "an" ko "za a" ko "a" wajen ɓoye mai aiki, ta ce "za a ɗauka cewa an". A cikin doka kuma "shall" wajibi ce, "may" kuwa zaɓi ce. In aka fassara "shall" da "zai" kurum, sai umarni ya koma labarin abin da ke tafe. Wannan ya zama babban al'amari da Dokar Penal Code ta Arewa ta fara aiki a 1960, domin alƙalai da yawa da za su yi hukunci da ita karatunsu na Larabci ne da Hausa.

3.3 Yankunan Wasiƙun Ofis

Akwai kuma daskararrun yankuna da akawu yake cin karo da su kullum: "on behalf of", a madadin; "in accordance with", bisa ga; "with effect from", tun daga ranar. Waɗannan sun fi sauƙi, domin haddace su ake yi a dunƙule. Sai dai "subject to" takan yi wa mutane tarko, saboda sharaɗi take ƙullawa, watau "muddin" ko "sai in", wanda yake iya rushe duk alkawarin da ya gabace ta.

4.0 Hukumar Hausa da Gidan Rediyo

A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa domin daidaita rubutu da tace kalmomin aro. Irin wannan aiki ya fi karkata ga kalma ɗaya-ɗaya, ko a are ta ko a ƙirƙiro mata madadi. Yankin jumla kuwa a ɗakin labarai aka yi ta sassaƙa shi, musamman bayan buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, inda labari yakan iso da Turanci a kuma bukaci Hausarsa kafin lokacin karantawa. Gaggawa takan sa a kwafo ginin Turanci yadda yake. Maganganu irin su "ɗaukar mataki", da "a ƙarƙashin jagorancin", da "taka muhimmiyar rawa", waɗanda suka cika Hausar labarai, kamanninsu da takwarorinsu na Ingilishi a fili yake. Wasu sun zauna daram har ba a jin baƙuncinsu. Wasu kuwa sun ture maganganun gida, har mai karanta labari ya ce "an gudanar da binne shi" a inda kowa zai ce "an yi masa sutura". Bayan an raba Jihar Arewa gida shida a 1967 aikin Hukumar ya koma Kano, ga Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kwalejin Abdullahi Bayero.

5.0 Nazari Ya Riski Aiki

A can waje masana sun daɗe da juyowa ga yanki. Bloomfield a 1933 ya nuna cewa jumla hawa-hawa take, Chomsky kuma a 1957 ya tsara dokokin da suke raba ta zuwa yankin suna da yankin aikatau. Littafin Quirk da abokansa na 1972 ya bayyana Ingilishi a kan wannan tafarki. A ɓangarenmu, M. K. M. Galadanci ya rubuta kundin digirinsa na uku a Landan a 1969 a kan sassauƙan yankin suna na Hausa, ya kuma fitar da littafinsa na nahawu a 1976. A 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Da wannan ne malami ya sami sunayen da zai kira abin da tafintan Lugard Hall yake yi da ka shekaru da dama kafin nan.

6.0 Kammalawa

Maganar ba ta zama tarihi kawai ba. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa idan an yi tanadin da ya dace, kuma babban tanadi shi ne samun masu fassara da suka san inda yanki ya fara da inda ya ƙare. Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, a riƙa koyar da yankunan Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da na Hausa, ɗalibi ya ga inda kai yake a kowanne. Ta biyu, masu tsara ƙamus na harsuna biyu su ba aikatau mai ƙaramar kalma gurbinsa na kansa, tare da fagen da ake amfani da kowace ma'ana. Ta uku, ɗalibanmu masu neman abin bincike su shiga Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna da Arewa House, su tattaro fassarorin wancan zamani su gwada su da asalinsu na Turanci, domin mu san abin da magabata suka warware da abin da suka bar mana.