Tsofaffi Biyu a Elista

A watan Disamba na 2009, a garin Elista na ƙasar Rasha, dattawa biyu suka zauna gaban allon darar ces. Viktor Korchnoi yana da shekara 78, Boris Spassky 72. Dukansu 'yan Leningrad ne, kuma tsakaninsu akwai tsohon bashi.

A 1968 Spassky ya doke Korchnoi a Kiev, ya wuce ya zama zakaran duniya a 1969, kafin Bobby Fischer na Amurka ya ƙwace kambun a 1972. Shi kuwa Korchnoi, a 1976 ya je gasa Amsterdam ya ƙi komawa gida. Hukumomin Tarayyar Sobiyet suka riƙe matarsa da ɗansa har 1982. Mu da muka ga an rushe Zangon Wagadugu a 2003, aka watsa maƙwabta bakin gari, ba sai an yi mana bayanin rabuwa da gida ba.

Sun sake karawa a Belgirad, ƙarshen 1977 zuwa farkon 1978, domin fid da wanda zai ƙalubalanci Karpov. A nan zumunci ya lalace. Korchnoi ya yi nisa a gaba, sai Spassky ya daina zama a teburi. Yakan koma gefe yana nazari daga babban allon 'yan kallo, ba ya zuwa sai zai tura ɗa. Duk wanda ya san dattawanmu a bakin ramukan dara ya san wannan cin fuska ne. Korchnoi ya harzuƙa, ya faɗi wasa huɗu a jere, sannan ya farfaɗo ya yi nasara da maki goma da rabi, Spassky bakwai da rabi.

To, bayan shekara talatin da ɗoriya, ga su a Elista, ba kambu, ba Tarayyar Sobiyet. Ana iya zaton gaisawa kawai za su yi. Ina! Cikin wasa takwas kowa ya ci biyu, huɗu aka yi canjaras. A ganina Korchnoi ya fi ban mamaki, domin shi ne babba, kuma har lokacin yana yawon gasa: a 2011 ya doke Fabiano Caruana, yaro ɗan shekara 18, a Jibralta.

Spassky kuwa, shanyewar ɓarin jiki ta same shi a 2010. Korchnoi ya rasu a Suwizalan a 2016, Spassky a Mosko a 2025.