Makarantar Rawa ta Toubab Dialaw: Kafuwarta da Waɗanda Suka Riƙe Ta

Sau biyu aka kafa makarantar koyon rawa a ƙasar Senegal da nufin ta zama ta Afirka baki ɗaya, kuma duka biyun mace ɗaya ce ta ja ragamarsu, wato Germaine Acogny. Ta farkon shugaban ƙasa ne ya ɗaure mata gindi, aka ba ta katafaren gini a Dakar da kuɗin gwamnati, amma shekara biyar kacal ta yi a duniya. Ta biyun a ƙauyen masunta aka fara ta, ɗalibai na taka rawa a kan rairayi, ga shi tun daga 1998 har yau tana yaye ɗalibai. Sunanta École des Sables, tana Toubab Dialaw, kimanin kilomita 50 kudu da Dakar. Labarin ta biyun ba ya fita sosai sai an bi ta kan yadda ta farkon ta mutu.

An haifi Germaine Acogny a 1944 a garin Allada na ƙasar Dahomey, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Benin. Mahaifinta ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, aiki ya kai shi Senegal, ita kuma a can ta tashi. Kakarta ta wajen uba, Aloopho, Bayarabiya ce mai riƙe da addinin gargajiya, kuma Germaine ta sha faɗin cewa a wurinta ta gaji rawa, ko da yake ba su yi zamani tare ba. A farkon shekarun 1960 ta tafi Faris ta yi karatun motsa jiki a makarantar Simon Siégel. Da ta dawo ta kama koyarwa a makarantun gwamnati, sannan a 1968 ta buɗe ajin rawa na kanta a Dakar.

A lokacin Léopold Sédar Senghor ne shugaban ƙasa, marubucin waƙoƙi wanda ya ɗauki al'ada da muhimmanci fiye da yawancin takwarorinsa. Shi ya shirya bikin fasahar baƙar fata na duniya na farko a Dakar a 1966. Yana da abota da Maurice Béjart, mashahurin mai tsara rawa na Faransa, wanda mahaifinsa, masanin falsafa Gaston Berger, haifaffen Saint-Louis ne a Senegal. Béjart ya riga ya kafa makaranta mai suna Mudra a Brussels ta Beljiyam a 1970. Su biyun suka shirya a yi mata ƙanwa a Dakar. A 1977, shekarar da aka yi bikin FESTAC a Legas aka kuma yi hawan daba a Kaduna, aka buɗe Mudra Afrique a ginin Musée Dynamique, aka naɗa Germaine shugabarta.

Malaman da aka tara ba ƙanana ba ne. Doudou Ndiaye Rose, wanda duk Senegal ta sallama masa a kiɗan sabar, shi ke koyar da kiɗa. Julien Jouga, shugaban mawaƙan coci da ya yi suna, yana ɓangaren waƙa. An ɗauko masu koyar da rawar bale ta Turai da rawar zamani daga waje, ita kuma Germaine tana koyar da ta Afirka. Manufar ita ce ɗalibi ya fita yana iya rawa, yana jin kiɗa, yana waƙa, yana wasan kwaikwayo. Ɗalibai sun zo daga ƙasashe daban-daban, cikinsu har da Irène Tassembédo ta Burkina Faso, wadda daga baya ta kafa tata makarantar a Wagadugu. A wannan zamanin ne, a 1980, Germaine ta fitar da littafinta Danse Africaine cikin Faransanci da Jamusanci da Turanci.

A ƙarshen Disamba 1980 Senghor ya sauka daga mulki don kansa, Abdou Diouf ya gaje shi. Ƙasar kuwa na cikin matsi: fari ya taɓa noma, kasuwar gyaɗa ta faɗi, masu ba da bashi na duniya suna matsa wa gwamnati ta tsuke bakin aljihu. A irin wannan hali makarantar rawa ba ta da mai kare ta a majalisar ministoci. A 1982 aka rufe Mudra Afrique. Malamai suka watse, ɗalibai suka koma ƙasashensu ko suka haura Turai, ginin ma daga baya aka mayar da shi kotun ƙoli. Ilimi bai yi ƙaranci ba, ɗalibai ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya kashe ta shi ne filin ba nata ba ne, kuma ranta yana rataye da kujerar mutum ɗaya.

Germaine ta koma Brussels ta yi aiki da ƙungiyar Béjart, tana kuma shirya bitar rawa a Turai da yankin Casamance na kudancin Senegal. A nan wani mutum ya shigo labarin wanda ba a cika ambatonsa ba, mijinta Helmut Vogt, Bajamushe. Shi ya ɗauki ɓangaren da masu fasaha kan guje wa: takardu, lissafi, neman tallafi, gini. A 1985 suka buɗe cibiyar rawa a Toulouse ta Faransa. Shekara goma bayan haka, a 1995, suka tattara suka dawo Senegal, suka kafa ƙungiya mai suna Jant-Bi, suka nemi fili a Toubab Dialaw, garin masunta 'yan ƙabilar Lebu, wuri mai duwatsu da itatuwan kuka tsakanin teku da wani tafki.

Ba su jira gini ba. A 1998 suka kira bita ta farko ta wata uku, 'yan rawa suka zo daga sassan Afirka, aka yi karatu a fili. Ana koyarwa ana gini, har zuwa 2004 da aka yi bikin buɗe makarantar. Akwai zauren rawa biyu. Ɗaya daɓensa irin na gidajen wasan Turai ne. Ɗayan, wanda aka sa wa sunan kakarta Aloopho, rumfa ce babba ba bango, ƙasanta rairayi zalla. Rawa a kan rairayi na da wuya, domin ƙafa na nutsewa, dole ƙugu da cinya su yi aikin da daɓe ke ɗauke wa mutum, sai dai tana sauƙaƙa wa gwiwa da idon sawu wajen dira. Ga ɗakunan kwana da wurin cin abinci, don haka malami da ɗalibi da makaɗi a gida ɗaya suke kwana su tashi.

Abin da ake koyarwa yana da ƙafa uku. Na farko raye-rayen gargajiya: kowane ɗalibi ana so ya zo da rawar garinsu ya koya wa 'yan'uwansa, ta yadda ɗan Mali zai ɗanɗana ta Kongo, ɗan Togo ya ɗanɗana ta Madagaska. Na biyu raye-rayen zamani na wasu nahiyoyi, waɗanda baƙin malamai ke zuwa su koyar na 'yan makonni. Na uku, wanda shi ne ƙashin bayan makarantar, salon da Germaine ta ƙirƙira da kanta, ana kiransa da sunanta. Ta ɗauko motsi daga raye-rayen Afirka ta Yamma, musamman na Senegal da Benin, ta tace su, ta jera su daki-daki yadda za a iya koyar da su a aji. Komai daga gadon baya yake tashi: lanƙwasa shi, kaɗa shi, girgiza shi. Motsin kuma ta sa musu sunayen abubuwan da ɗan Afirka ya sani, akwai kuka, akwai rimi, akwai bado. Ba a yin darasin da faifai, makaɗa ne ke zaune da gangunansu suna bin ƙafar ɗalibai, don haka su ma cikin malaman makarantar ake lissafa su.

Baƙin malaman nan su suka fitar da sunan makarantar waje. Susanne Linke ta Jamus ta yi aiki da maza daga bitar farko, suka fitar da wasan Le coq est mort a 1999, wanda da shi ƙungiyar wasa ta Jant-Bi ta fara yawon duniya. A 2004 Germaine da Kota Yamazaki na Japan suka tsara Fagaala, a kan kisan kiyashin Ruwanda na 1994, bisa littafin Murambi na Boubacar Boris Diop. Wasan ya ci lambar Bessie a New York a 2007. Bayan nan aka yi haɗin gwiwa da Urban Bush Women, ƙungiyar mata baƙar fata ta Amurka ƙarƙashin Jawole Willa Jo Zollar. Kowane irin wannan aiki yana kawo wa makarantar abu biyu, kuɗin shiga da kuma wurin da ɗalibai za su gwada abin da suka koya a gaban 'yan kallo.

Sai dai salon da ke jikin mace ɗaya, ranar da ta kwanta dama shi ma ya tafi. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Tun tana da ƙarfinta Germaine ta zaɓi wasu tsofaffin ɗalibanta daga Afirka da Turai, ta riƙa dawo da su Toubab Dialaw shekara bayan shekara, wannan karon don su koyi yadda ake koyarwa. Wanda ya kammala sai a ba shi shaidar izinin koyar da salon a ko'ina. Haka maƙeri na ƙwarai ke yi: ba ya yaye yaro don ya iya ƙera fartanya kawai, sai ya ga zai iya zama a gaban zuga-zugi ya gyara wa wani hannu.

Shugabanci ma haka aka yi da shi. Ɗanta Patrick Acogny, wanda ya taɓa jagorantar ƙungiyar rawa ta Kokuma a Birmingham ta Ingila, ya dawo gida ya yi aiki tare da ita, suka tsara wasan Waxtaan, daga baya ya riƙe shugabancin ɓangaren fasaha. Da a nan aka tsaya, da sai a ce gado ne irin wanda aka saba, daga uwa zuwa ɗa. Amma a 2020 aka miƙa wannan kujera ga mutum biyu da ba su haɗa jini da ita ba, ba kuma 'yan Senegal ba ne: Alesandra Seutin, haifaffiyar Zimbabuwe da ta tashi a Beljiyam ta kafa ƙungiyarta a Landan, da Wesley Ruzibiza na Ruwanda. Dukansu rairayin makarantar suka taka kafin su zama malamanta.

Shekarar da suka karɓa ta zo da jarrabawa. Gidauniyar Pina Bausch ta Jamus da gidan wasa na Sadler's Wells na Landan sun haɗa kai da makarantar don a sake yin shahararren wasan da marigayiya Pina Bausch ta tsara a 1975 a kan kiɗan Stravinsky, wannan karon da 'yan rawa sama da talatin daga ƙasashen Afirka 14. Ana cikin atisaye, ana shirin nunawa a Dakar a watan Maris 2020, sai annobar korona ta rufe ko'ina. Kafin a sallami kowa, suka fita bakin teku da yamma suka yi wasan aka ɗauka a fim. Sai a Satumba 2021 aka fara nuna shi a Madrid, daga nan ya zaga manyan biranen duniya. A 2021 ɗin ne kuma bikin Biennale na Venice a Italiya ya ba Germaine lambar Zakin Zinariya saboda aikin da ta yi tsawon rayuwarta.

Lambar yabo ba ta biyan albashi. Yawancin 'yan rawan Afirka da ke zuwa ba su da halin biyan kuɗin jirgi, balle na makaranta, don haka ana dogara ne da gidauniyoyin Turai, da kuɗin da ɗaliban ƙasashen waje ke biya, da abin da wasanni suka kawo. An taɓa kaiwa ga makarantar ta fito fili tana neman agaji da wani babban mai tallafa mata ya janye. Ga kuma sabuwar barazana a ƙofar gida: a Janairu 2022 Shugaba Macky Sall ya aza harsashin babbar tashar jiragen ruwa ta Ndayane, wadda kamfanin DP World na Dubai ke ginawa dab da Toubab Dialaw. Mazauna yankin da masu makarantar sun nuna damuwa a kan filaye da kamun kifi da hayaniyar manyan motoci. Ko da wata rana wurin ya gagari zama, malaman da aka yaye suna Afirka da Turai suna koyarwa, kuma wannan shi ne abin da Mudra Afrique ba ta samu lokacin yi ba.

A ƙasar Hausa ba mu rasa raye-raye ba. Akwai koroso, akwai rawar 'yan hoto da ta 'yan tauri, akwai takai, akwai asauwara, kowace da takunta da kiɗanta da ƙa'idarta. Hanya biyu muka saba riƙe su da ita: ko dai gado a cikin gida, wanda kan yanke ranar da ɗa ya ce shi boko zai yi ko kasuwa, ko kuma ƙungiyar hukumar al'adu ta jiha, wadda kan farfaɗo idan an sami gwamna mai sha'awa ta kuma kwanta idan ya sauka. Mutanen Toubab Dialaw sun nuna hanya ta uku, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba: a mallaki wuri komai ƙanƙantarsa, a sami wanda zai riƙe lissafi ban da wanda ke koyarwa, a jera takun rawa a sa masa suna, a ba makaɗi matsayin malami, a kuma yaye masu koyarwa tun dattawan da suka san abin suna iya miƙewa su nuna da ƙafarsu.