Kowace ƙwarya da abokin burminta: tarihin harsashi da tsohuwar bindigar farauta

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mahalba masu riƙe da bindigogin kakanninsu, waɗansu sun fi shekara 100 da ƙerawa. Harsashin kanti ba ya yi musu, don haka su ke ɗura nasu da hannunsu. Mine ne dalili? Amsar tana cikin tarihin albarushi.

Da farko dai albarushi iri ɗaya ne a duniya, watau baƙin albarushi. Ana haɗa shi da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri mai ƙara wa wuta ƙarfi. Mutanen Sin suka fara yin shi, ya kai Turai cikin ƙarni na 13. Mu ma nan mun san shi, domin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu cikin shekara ta 1884, ya sa ana haɗa albarushi, ana kuma ƙera igwa cikin birninsa. Wannan albarushi ta baki ake ɗura shi. A zuba shi, a toshe, a zuba darma, a sake toshewa, a daddanna da sanda, kamar dai yadda ake yi wa adaka.

In wuta ta kama albarushi, sai ya zama iska mai zafi mai neman hanyar fita. Iskan nan shi ke tura darma gaba, shi ne kuma ke tura jikin bututu ta kowane gefe. Wannan shi ake kira matsi. In matsi ya fi ƙarfin ƙarfe, bututu ya kumbura ko ya tsage, kuma hannun mai halbi yana nan riƙe da shi.

Turawa sun sha wannan wahala tun da daɗewa. Sai suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai. Cikin shekara ta 1637 sarkin Ingila ya ba ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ikon gwada bindigogi. Garin Liyej, wanda ke cikin ƙasar Beljik a yau, ya tilasta gwaji cikin 1672. Santetiyen ta Faransa ta samu gidan gwajinta cikin 1782, Birmingam kuwa cikin 1813. Aikinsu ɗaya ne: a ɗura wa bututu abin da ya fi na kullum, a halba cikin ɗaki rufaffe. In ya jure, a buga masa hatimi. In ya fashe, ya fashe ba a hannun kowa ba.

Wajen 1835 wani maƙeri na birnin Paris, Casimir Lefaucheux, ya kawo sabon abu. Ya yi bindiga mai karyewa a tsakiya, ya kuma haɗa albarushi da matoshi da darma cikin kwanso ɗaya na takarda mai gindin tagulla. Ga asalin kartushi ke nan. Cikin 1861 George Daw ya fito da irin wanda ake bugu a tsakiyar gindi a Landan, irin da ake aiki da shi har yanzu. Da yake harsashi na da tsada, mahalba da yawa suka riƙa tara kwanson da suka halba, suna sake ɗura shi a gida. Kowa na da ɗan ludayinsa na awon albarushi.

Bututun bindigogin wancan zamani, da yawansu ba daga dunƙulen ƙarfe ɗaya aka fafe su ba. Siraran ƙarafa iri biyu ake murɗawa tare kamar igiya, a naɗe su jikin sanda, a yi ta bugu cikin wuta har su haɗe. Ana kiran shi bututun Damas. Yana da kyan zane ƙwarai, amma mahaɗinsa ba ta ƙirguwa. Baƙin albarushi kuma yana barin dauɗa mai jawo laima. In shekaru suka yi yawa, tsatsa na iya ci cikin mahaɗan nan, inda ido ba ya gani.

Daga nan sai zamani ya sake. Cikin shekarun 1860 wani hafsan sojan Jamus mai suna Schultze ya yi albarushi marar hayaƙi sosai domin bindigar farauta. An yi shi yadda cikin ludayi ɗaya zai yi daidai da cikin ludayin baƙin albarushi, don haka mahalba ba su sake awonsu ba. Cikin 1884 Paul Vieille ya yi wa sojan Faransa wani sabon iri, cikin 1887 kuma Alfred Nobel ya fito da nasa. Waɗannan kaɗan ne ke aikin mai yawa. Nan masifa ta shigo. Wanda ya ɗebi sabon albarushi mai ƙarfi da tsohon ludayi, ya zuba wa bindigarsa abin da ya wuce kima nesa ba kusa ba. Dole gidajen gwaji suka ƙaro gwaji na biyu da hatiminsa dabam. A Liyej hatimin zaki ne bisa haruffan PV, a Santetiyen kuwa haruffan PT. Bindigar da ba ta da irin wannan hatimi, da baƙin albarushi kaɗai aka gwada ta.

To, yaya ake auna abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido? Wajen 1860 wani Bature ɗan Birtaniya, Andrew Noble, ya samo dabara. A huda bututun gwaji, a sa ɗan guntun jan ƙarfe inda iska zai matse shi. Bayan halbi a auna yawan lotsewarsa. Domin bindigar farauta da guntun darma ake yi. Yau na'urar lantarki ke wannan aiki. Cikin 1914 waɗansu ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniya a Beljik domin awonsu ya zama ɗaya, aka kafa hukumar CIP. A dokarta, harsashin kalibar 12 na kullum kada matsinsa ya wuce bar 740, gwaji kuwa da bar 930 ake yi. Bar ɗaya kamar nauyin kilo ɗaya ne bisa wurin da bai fi faɗin farce ba. Tayar ƙaramar mota bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka. Ku kwatanta ku gani.

Awon nan ya koya wa mutane cewa ba yawan albarushi kaɗai ke ta da matsi ba. Akwai saurin cinsa: mai saurin kamawa yana tara iska tun darma ba ta gusa ba. Akwai nauyin darma: gram 36 ya fi gram 28 wuyar turawa. Akwai ƴar hular gindi mai ta da wuta, wata ta fi wata zafi. Akwai matoshi: na da na gashi ne ko kwali, iska na ɗan zurarewa ta gefe, amma na roba da ya bazu cikin shekarun 1960 yana toshewa gam. Akwai yadda aka naɗe bakin kwanso. Canza ɗaya daga cikinsu, matsi ya canza.

Sannan ga tsawon mazaunin harsashi. Tsofaffin bindigogin Turai da yawa milimeta 65 ne mazauninsu, har da na farkon fitowa na kamfanin Manufrance, mai Simplex ta 1908 da Robust ta 1913, waɗanda suka shigo ƙasashenmu zamanin mulkin Faransa. Harsashin yau kuwa galibi 70 ne ko 76. Tsawon nan na kwanso ne bayan ya buɗe. Saboda haka na 70 yana shiga mazaunin 65 lafiya lau, sai wajen halbi bakinsa ya buɗe inda bututu ya fara tsukewa, matsi ya ƙaru. Wani abu kuma ya biyo baya: cikin 1991 Amurka ta hana halbin tsuntsayen ruwa da darma, aka koma ga ƙwayoyin ƙarfe. Su ba su lotsewa, suna iya ƙwarzane tsohon bututu ko su kumbura bakinsa.

Shi ya sa masu ɗura wa tsofaffin bindigogi ke bin ƙa'ida. Su kai bindiga wurin gwani ya auna kaurin bututu da tsawon mazauni, ya karanta hatimi. Su auna albarushi da sikeli, ba da ludayi ba. Su bi haɗin da aka riga aka gwada a gidan awo, ba su canza ko abu ɗaya. Ba su dogara ga ƙarar halbi ko dukan kafaɗa, domin harsashi na iya zama mai sauƙi a kafaɗa alhali matsinsa ya wuce iyaka.

Shekara wajen 400 ke nan tun gwajin farko na Landan, darasin bai sake ba. Kowace bindiga an ƙera ta ne daidai da albarushin zamaninta. Tsohon jaki ba a aza masa kayan raƙumi.